Yaron Da Aka Nuna Da Yatsa A Makaranta: Ina Malami Zai Tsaya?

BEJI gari ne a Ƙaramar Hukumar Bosso ta Jihar Neja, a kan hanyar da ta tashi daga Minna ta bi ta Maikunkele ta nufi Zungeru. Duk falken da ya taɓa lodin doya ko hatsi ko shanu daga wannan yanki zuwa Kurmi ya san kasuwar garin. Gwarawa ne masu ƙasa, amma ga Hausawa, ga Fulani, ga Nufawa, Musulmi da Kirista, kuma 'ya'yansu benci ɗaya suke zama a makaranta. Magidanta da yawa na irin waɗannan garuruwa suna can Ikko ko Badun ko Shagamu wajen neman abinci, sai da salla ko da damina suke leƙo gida. Yaran kuwa suna hannun uwa, ko kaka, ko malamin makaranta.

To, a ɗauka ga wani magidanci a kasuwar shanu ta Agege, yana tsakiyar ciniki, sai aka kira shi daga gida. Shugaban makarantar ɗansa ne. Ya ce lalle ya zo, akwai maganar da ba ta faɗuwa a waya. Da ya matsa, sai aka gaya masa wai yara suna cewa ɗan nasa ɗan daudu ne, wasu ma sun wuce nan, suna cewa mai neman maza ne. Kafin mutumin nan ya sami motar Minna, ya kwana a hanya, ya iso, labari ya riga ya zaga gari. Abin da ya sami yaron a cikin waɗannan kwanaki biyu yana hannun mutum ɗaya, watau malaminsa.

Wannan magana ce da mutanen Arewa ba su son ɗagowa a bainar jama'a. Amma rashin faɗinta bai hana ta shiga aji da ɗakin kwanan ɗalibai ba, kuma ta riga ta ci rai.

ABIN DA YA FARU A BICHI

A watan Yuli na 2025, a makarantar sakandare ta kwana ta gwamnati da ke Bichi a Jihar Kano, ɗalibai biyu suka mutu a hannun 'yan'uwansu ɗalibai. Jaridu suka ba da labari cewa zargin luwaɗi aka yi musu, manyan ɗalibai suka zartar da hukunci da kansu. 'Yan sanda suka kama ɗalibai 11, gwamnatin jihar ta ba da umurnin bincike. Iyaye biyu sun kai 'ya'yansu neman ilmi, aka mayar musu da gawa. Wasu iyayen kuma suka wayi gari 'ya'yansu na hannun hukuma da tuhumar kisan kai.

Mutanen Neja sun san tsoron makarantar kwana ta wata fuskar. Ran 17 ga Fabrairu 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Kimiyya ta Kagara, suka kashe ɗalibi ɗaya, suka tafi da 27 tare da wasu malamai da iyalansu. Tun daga nan ake maganar katanga da masu gadi. Amma katanga ba ta tsare yaro daga abokan kwanansa. Wannan aikin malami ne, kuma a Beji, inda yawancin yara jeka-ka-dawo suke yi, aikin bai ragu ba, domin abin da aka faɗa a aji da safe ya isa gidajen gari kafin la'asar.

ABU HUƊU, SUNA ƊAYA

Matsala ta fari ita ce, abubuwa huɗu dabam-dabam ake haɗawa a kira su da suna ɗaya, a yi musu hukunci ɗaya.

Na ɗaya shi ne yaro mai laushin hali. Muryarsa siririya, tafiyarsa da rangwaɗa, ya fi son zama cikin mata, ya iya girki. Ko kuwa yarinya mai son ƙwallo da hawan keke da shigar maza. Irin wannan yaro bai aikata kome ba, yanayinsa ne kurum. Hausawa sun daɗe da sanin 'yan daudu, suna ganinsu a tasha da kasuwa suna sayar da abinci, ana kiransu wajen biki. Mazauna Sabo ta Badun da Agege da Idi Araba ba baƙi ba ne ga wannan. Wani Ba'amurke mai suna Rudolf Gaudio ya zauna a Kano ya yi nazarin rayuwarsu, ya fitar da littafi a 2009. Amma yaro ɗan shekara goma sha biyu da ake jifa da wannan suna a aji bai zaɓi wata sana'a ba tukuna. Tsokana ce ake yi masa, kuma tsokanar yau da gobe ita ke korar yaro daga makaranta.

Na biyu shi ne mata-maza, watau wanda aka haifa halittarsa ba ta fito sosai ta namiji ko ta mace ba. Wani lokaci ba a gane wa sai balaga ta zo: wadda aka yi wa suna da sunan mace murya ta buɗe, gemu ya fara tsiro, ko kuwa shekaru su wuce ba ta ga al'ada ba. Wannan sha'anin likita ne. Har wa yau likitoci sun ce samari da yawa ƙirjinsu kan ɗan kumbura a farkon balaga, daga baya ya koma da kansa. Yaro nawa aka yi wa dariya a bakin rijiya ko wurin wanka saboda wannan kaɗai?

Na uku shi ne cin zali: babban ɗalibi, ko ma malami, ko wani mai shago a gari, ya yaudari ƙaramin yaro da kuɗi ko abinci, ko ya tsorata shi ya lalata shi. A nan akwai mai laifi, akwai wanda aka zalunta. Abin baƙin ciki, sau da yawa su biyun ake haɗawa a kora, har ma wanda aka zalunta ya fi shan kunya. Shi ya sa yara kan yi shiru, azzalumin ya ci gaba.

Na huɗu shi ne matashi ko budurwa da suka balaga suka ji zuciyarsu tana karkata ga jinsinsu, suna cikin ruɗu da tsoro, ba su da wanda za su gaya wa. A kan wannan kuma sai a ƙara jita-jita zalla, wadda ba ta da tushe. Abota ta ƙut da ƙut tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. Maza abokai suna tafiya riƙe da hannun juna ba wanda ya ce uffan. Mata suna da ƙawa, suna da ƙanwar rana, kamar yadda Baba ta Karo ta bayyana a tarihin rayuwarta da aka buga a 1954. Yau kuwa 'yan mata biyu da suka shaƙu a makarantar kwana, gaba da wata ɗaliba kaɗai ta isa a ce 'yan maɗigo ne.

Malamin da bai tsaya ya rarrabe waɗannan abubuwa ba, ko da niyyarsa gyara ce, ɓarna zai yi.

ABIN DA DOKA TA CE

Dokar ƙasar nan ba ta ɓoye matsayinta ba. Dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa tun 1960, a sashe na 284, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 a kan saduwar da ta kira wadda ta saɓa wa ɗabi'a. Sashe na 405 ya sa namijin da ya yi shigar mata a bainar jama'a cikin jerin 'yan iskan gari. A 2000, zamanin Gwamna Abdulkadir Kure, Jihar Neja ta shiga sahun jihohi 12 na Arewa da suka faɗaɗa aiki da Shari'ar Musulunci. Sa'an nan a watan Janairu na 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi ɗaya, mai ɗaurin shekara 14 ga ma'auratan, da shekara 10 ga masu kafa ƙungiyoyinsu ko taimaka musu.

Malamai sun san waɗannan dokoki, shi ya sa da yawa suke tsoron a gan su suna kare yaron da aka zarga, kada a ce su ma da su. Amma akwai abin da ake mantawa. Babu ɗaya daga cikin dokokin nan da ta ba shugaban makaranta, ko hausmasta, balle shugaban ɗalibai, ikon yanke hukunci. Tsarin Mulki na 1999 ya ce duk wanda aka tuhuma ba shi da laifi sai kotu ta tabbatar, ya kuma hana azabtarwa da wulaƙanta ɗan Adam. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, wadda Jihar Neja ta yi tata a 2010, ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, ta hana bayyana sunan yaron da ke gaban shari'a, ta kuma tanadi hukunci mai tsanani ga wanda ya yi lalata da yaro. Watau malamin da ya tsare yaro daga duka yana kan doka. Wanda ya tara ɗalibai ya tona masa asiri shi ne ya taka ta.

LITTAFIN DA BABU SHI

Mai karatu zai yi tambaya, shin ba a koya wa malamai yadda za su yi da irin wannan ba? Tsarin Ilmi na Ƙasa na 1977 ya ce a sa malaman ba da shawara a makarantun gaba da firamare. Manyan makarantun birni sukan sami ɗaya. A makarantun karkara kuwa, inda malami guda ke riƙe da darasi biyu ko uku, ofishin shawara yakan tsaya a takarda.

A 1999 Majalisar Ilmi ta Ƙasa ta yarda a shigar da ilmin sanin jiki da balaga cikin makarantu, saboda cutar ƙanjamau da ke yaɗuwa a lokacin. Da manhajar ta fito sai shugabannin addini, Musulmi da Kirista, suka yi ca. Aka mayar da ita aka tace, aka cire batutuwa irin su neman jinsi, aka sake mata suna ta koma ilmin zaman iyali da ƙanjamau, aka fito da ita a 2003, kowace jiha kuma aka bar ta ta daidaita ta da al'adunta. A watan Nuwamba na 2022, Ministan Ilmi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya ba da umurni a cire koyar da sha'anin jima'i daga manhaja, yana ganin aikin iyaye ne da malaman addini.

Ko mutum ya goyi bayan ministan ko bai goya ba, sakamakon ɗaya ne ga malamin ƙauye. Ya fito daga kwalejin horon malamai da takardar shaida, ya iya tsara darasi, amma ranar da aka jawo masa yaro gaban ofis ana ihu, ba shi da wani littafi da zai buɗe. Su kuwa iyayen da aka ce aikinsu ne, wasunsu suna nisan kwana guda a mota.

YADDA AKAN YI

Saboda haka kowane malami da tasa dabarar. Akwai mai bulala. Shi a ganinsa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sai ya fito da yaro gaban taron safe, a zane shi, a faɗi laifinsa kowa ya ji. Abin da wannan malami bai lura ba shi ne, ya ba sauran ɗalibai izini. Abin da suka ga babba ya fara da rana, su za su ƙarasa da dare. Bulala ba ta taɓa mayar da siririyar murya kakkaura ba, sai dai ta koya wa yaro ɓoyewa da ƙin makaranta.

Akwai mai kora. Shi sunan makaranta yake karewa. A kira kwamitin ladabtarwa, a rubuta takarda, kafin mako ya ƙare yaro ya tattara akwatinsa. Sau da yawa ba a tambayi yaron ba, ba a bincika ko shi aka zalunta ba. Yaron da aka kora da irin wannan tambari ba ya iya zama a ƙaramin gari. Gida ya yi masa zafi, sai tasha. Mazauna Kurmi suna ganin irinsu suna sauka daga motocin kaya, ba takarda, ba sana'a, ba mai nemansu. Abin da iyaye suke tsoro, korar ce take kai yaro gare shi.

Akwai mai kau da kai. Ya ji ana kiran yaro da sunan mata a aji, ya yi kamar bai ji ba, wata rana ma ya yi murmushi. Shirun malami a wurin yara amincewa ce.

Sa'an nan akwai na huɗu, kuma ana samunsu a kowace jiha, galibi dattawan malamai da matan da suka daɗe suna riƙon ɗakunan kwana. Su abin da suke fara yi shi ne raba yaron da taron, a kai shi inda hannu ba zai kai gare shi ba. Sai a tambayi mai ƙara, shi kaɗai: da idonka ka gani, ko ji ka yi? Yawancin ƙararraki a nan suke mutuwa. Sai a zauna da yaron, da shaidar wani malami guda mai riƙon asiri, a tambaye shi ko akwai mai takura masa. In akwai babba a cikin maganar, ta tashi daga hannun makaranta, ta zama ta asibiti da hukuma, kuma yaron magani da kariya yake bukata. In sha'anin halitta ne, a shawarci iyaye su kai shi ga likita, a Babban Asibitin Minna ko Asibitin Tarayya na Bida, daga can a tura su gaba in da bukata, ba tare da gaggawar yanke shawara a kan jikin yaro ba. In kuwa matashi ne mai damuwa a zuci, a saurare shi, a tsare asirinsa, a lura da shi sosai, domin yaron da ya ga duniya ta juya masa baya yana iya cutar da kansa. Kafin a gaya wa uba, a auna halin uban, a nemi wanda zai fara sanyaya shi.

Irin waɗannan malamai sukan kafa doka ɗaya a aji, su tsaya a kanta: ba a kiran kowa da sunan da ba nasa ba, kuma ba ɗalibin da ke da ikon taɓa wani, ko mene ne laifinsa. A makarantar kwana kuma sukan raba manya da ƙanana wajen kwanciya, malami ya riƙa zagayawa da dare, a rage ikon da aka sakar wa manyan ɗalibai.

ABIN DA MALAMAN ZAURE SUKA SANI

Wani zai ce wannan sassauci ne irin na Turawa. To, sai a koma zaure. Limamai da fastoci na ƙasar nan bakinsu ɗaya a kan haramcin luwaɗi da maɗigo, wannan ba a ɓoye yake ba. Amma fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a ƙasar Hausa ya tsananta ƙwarai a kan zargi. Suratun Nur ta tanadi bulala 80 ga mai ƙazafi, kuma malaman mazhabar sun sa jifan mutum da luwaɗi ba tare da shaidu huɗu ba cikin wannan hukunci. Suratul Hujurat ta hana mugun zato, da binciken asirin mutane, da jifan juna da munanan laƙabi. Hukunci kuwa na alƙali ne, ba na taron yara ba. Umurnin raba wa yara shimfiɗa in sun kai shekara goma yana cikin hadisi, watau rigakafi aka sa gaba.

Batun mata-maza ma ba sabo ba ne a wurinsu. Muhtasar na Shaihu Halil, wanda manyan almajirai ke saukewa, da bayanin gādon mata-maza ya rufe. Malaman da suka zauna suka lissafa rabon gādon irin wannan mutum sun ɗauke shi bawan Allah mai haƙƙi. Kirista kuma suna da labarin matar da aka kawo don a jefe ta, masu jifan suka watse ɗaya bayan ɗaya. Ashe malamin Arabiyya da malamin addinin Kirista a makaranta irin ta Beji suna da abin da za su gaya wa ɗalibai a kan wannan, daga littattafansu.

SAURAN DUNIYA

Gardamar ba ta Nijeriya kaɗai ba ce. A Ingila an yi doka a 1988 da ta hana ƙananan hukumomi, masu riƙe da makarantu, nuna goyon baya ga neman jinsi. Malamai da yawa suka ji tsoron ko tsawata wa masu tsokana, har aka soke dokar a 2003. A Jihar Florida ta Amurka an yi doka a 2022 da ta hana koyar da batun a ƙananan azuzuwa. A Gana an yi babbar hayaniya a 2019 a kan manhajar ilmin jima'i, gwamnati ta ja da baya. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tun 1990 ta cire neman jinsi daga jerin cututtuka, abin da ya sa likitoci ke gargaɗin iyaye game da masu karɓar kuɗi da sunan magani, ko masu ɗaure yara da mari. Ƙasashe sun saɓa nesa ba kusa ba a kan abin da za a koyar. Amma babu ƙasar da dokarta ta yarda ɗalibi ya kashe ɗalibi.

UBAN DA KE KURMI

A koma ga magidancin nan na Agege. Yana da abin yi tun kafin a kira shi. Ya san sunan malamin ajin ɗansa, ya riƙe lambarsa, ya riƙa gaishe shi ba sai da matsala ba. Ya sa wani ƙane ko amini ya riƙa zuwa taron iyaye da malamai a madadinsa. In ya zo gida, ya zauna da yaron su biyu, ya tambaye shi wa ke dukansa, wa ke ba shi kyauta, me ya sa ba ya son komawa makaranta. Yaron da ya fara fitsarin kwance bayan ya girma, ko ya daina cin abinci, ko ya riƙa ƙirƙiro ciwo ranar Litinin, yana faɗin wani abu ne da bakinsa ya kasa.

In kuwa kiran ya riga ya zo, to, ya tuna magana zarar bunu ce. Abin da ya furta a gaban jama'a cikin fushi ba zai komo ba. Ya tambayi makaranta wa ya gani, wa ya bincika, ina aka ajiye yaron a daren jiya. Ya ji ta bakin ɗansa kafin ya ji ta bakin gari. Kome ya tarar, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ga hukuma kuma, Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Neja da Kwalejin Ilmi ta Minna suna iya sa wa malamai takarda guda a hannu, ko da shafi biyu ce, mai faɗin matakin da za a bi in an zargi ɗalibi: wa za a kira, me aka hana, ina za a kai yaro. Wannan bai taɓa aƙidar kowa ba, bai kuma ci kuɗin katanga ba. Iyayen da ke fama a kasuwannin Kurmi suna aika kuɗin makaranta kowane zango, abin da suke roƙo shi ne ranar hutu yaro ya dawo gida da ƙafafunsa.